Daminar da Na Yi Ta Danna Kore

Bana harif, wato damina, ya makara. Mun kai tsakiyar watan bakwai ƙasa ba ta rufe bakinta ba, tsagar laka tana nan yadda rani ya bar ta, ka zura hannu har gwiwa ba ka taɓo ƙarshenta ba. Jiya da hantsi ina tsaye a bakin gona, maƙwabcina ya ciro waya yana duba abin da manhajar ruwa ta ce. Yanzu kusan kowa yana da ita a ƙauyukanmu na gefen Gadambaliya, har magana take yi da murya, da Larabci da Hausa. Ya miƙo mini in gani, na ce masa ba na iya karatu cikin hasken rana. Gaskiyar ita ce gabana ne ya faɗi, kamar yadda yake faɗuwa duk sa'ad da na ga fuskar wannan abu. Na san ta tun ba ta da suna, tun tana hannun mutum ashirin kacal, ni ma ina cikinsu.

Shekara goma ke nan ko kusa da haka. A ƙarshen rani wata mota ta tsaya a ƙofar gidana, wata mata mai suna Daktora Amna ta fito, daga wani gidan binciken noma na cikin garin Gadarif. An nuna mata ni ne domin na yi shekaru ina awon hatsi a kasuwa, na iya lamba, na iya karatun Larabci. Muka zauna a rumfa, matata Hawwa ta kawo jabana, gahawar da muke tarbar baƙo da ita. Daktora ta ce shekara uku suna gina wata manhaja da za ta riƙa faɗin yaushe ruwa zai sauka, da yaushe ƙasa ta sha isasshe a yi shuka. A ofis tana aiki lafiya, amma su ne suka gina ta, su ne kuma suke gwada ta, don haka ba sa ganin aibinta. Suna son ta shiga hannun manoma, daga Hawata har ɓangaren Gallabat, su wahalar da ita damina guda kafin a sake ta ga jama'a.

Ta ba ni waya, ta ba ni wata doguwar kwalbar roba mai zane-zanen lamba a jiki, muka kafa ta a kan sanda bayan gida. Aikina kowace safiya shi ne in duba ruwan da ya taru a kwalbar, in rubuta lambarsa a waya, sannan in danna ɗaya daga cikin maɓallai biyu: kore idan abin da manhajar ta faɗa jiya ya yi daidai, ja idan ta yi kuskure. Kafin ta shiga mota ta juyo, ta kira ni baffa da Larabci, ta ce, “Ammi Ishaƙ, abin nan bai nuna ba tukuna. Kada ka yi shuka da maganarsa bana. Ka yi nomanka yadda ka saba, mu dai ka riƙa gaya mana inda ya yi ƙarya.” Na ce in sha Allah.

A tsakiyar watan shida manhajar ta ce za a yi ruwa ranar Alhamis da la'asar. Ranar Laraba sama fes take, zafi kamar ana gasa mutum, na faɗa wa mutane a bakin masallaci cikin raha. Alhamis da la'asar hadari ya taso daga gabas ya rufe ko'ina, aka sheƙa ruwan farko, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Washegari bayan sallar asuba mutum shida suka biyo ni har gida suna tambayar me wayar ta ce game da gobe. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin haka. Tun da na bar kasuwa babu wanda ya ƙara zuwa ƙofata neman sanin wani abu.

A safiyar nan kuwa na zagaya bayan gida na tarar da kwalbar babu ko ɗigo, alhali tsakar gida duk taɓo. Jakin maƙwabcina Adamu ya yi susa a jikin sandar, kwalbar ta bugu, gindinta ya tsage. Na liƙe da ƙaro, ta yoye. Na narka leda na shafa, ta yoye. Daktora ta gaya mini guda ashirin kaɗai aka kawo musu daga waje. Na tsaya da wayar a hannu ina jin kunyar a ce abin farko da baƙuwa ta damƙa mini ya lalace tun ruwan fari. Sai na duba lambar da manhajar ta yi ƙiyasi, na rage kaɗan, na rubuta, na danna kore. Na ce a raina gobe zan kira ta. Gobe ta zo na sake yin haka.

Daga nan manhajar ta fara kaucewa. Za ta ce yayyafi, mu ga ruwan da ya kwanta a kwari. Za ta ce babu komai, mu kwana da tsawa. Ina gani da idona, amma tunda ba ni da lambar gaskiya da zan rubuta, sai in mayar mata da tata in danna kore. Ga shi kuma Daktora mutuniyar kirki ce, ta sha jabana a rumfata, ta gaishe da matata da suna. Jan maɓallin nan ya riƙa zame mini kamar in dube ta in ce ƙarya take yi.

Da watan bakwai ya kama, kalma ɗaya ta riƙa fitowa a saman wayar kowace safiya: jira. A ƙarƙashinta an rubuta cewa ƙasa ba ta sha ba, kuma akwai fari na kusan mako uku a gaba, wanda ya shuka yanzu irinsa zai tsiro ya ƙone. Na taɓa ganin irin wannan shekara ina saurayi, aka shuka sau uku, iri ya ƙare a hannun mutane. Tsoron nan ya shige ni, na faɗa a bakin masallaci, kuma na faɗa da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

A wurinmu mai ƙaramar gona ba shi da babur na kansa, wato tarakta, haka muke kiranta a nan. Mai babur yakan zo da diski, garmar da yake ja, ya yi mana kwana huɗu, kowa da layinsa, ya kafce ya shuka lokaci guda, daga nan ya wuce manyan gonaki ba ka sake ganinsa. Ranar da ya iso na ce masa ya tsallake ni. Gida bakwai suka bi bayana. A cikinsu har da Yaya Maryama, matar yayana marigayi, wadda take riƙe da 'ya'ya mata biyu da tsohuwar mahaifiyarta da muhammas ɗaya tak, wato fadan biyar, kamar eka biyar ke nan, a cikin kwari. Kullum da safe takan leƙo ta kan danga ta tambaye ni me sama ta ce. Adamu shi kam ya tona ƙasa da hannu, ya dunƙule laka ya jefar, ya ce shi wannan ita ce wayarsa. Aka shuka masa.

Kwana biyu bayan tafiyar mai babur Daktora ta kira ni, muryarta cike da murna. Ta ce a cikin wurare ashirin, babu inda manhajar take dacewa kamar wurina, kusan kowace rana lambata da tata suna tafiya tare. Ta tambaye ni ko na yi shuka kamar yadda na saba, na ce muna kan shiri. Maganar kwalbar ta zo har kan harshena, na haɗiye ta.

Farin da aka ce yana zuwa bai zo ba. Ruwa ne ya zo, kwana tara babu rana guda da ba a yi ba. Tsagar ƙasa ta haɗe, laka ta kumbura ta zama kamar ƙullun kisra, wainarmu ta dawa, ko jaki ba ya iya shiga gona balle babur. Kowace safiya wayar tana cewa jira, ni kuwa ina tsaye a ƙofar ɗaki ruwa yana zuba daga bakin ciyawar rufi. Gonar Adamu ta yi layi-layi kore. Namu gonakin su ma sun yi kore, amma da adar, ciyawar nan mai kama da dawa wadda ba ka bambance su sai sun girma. Mutane suka daina biyo ni bayan sallah. Ba wanda ya ce mini komai, gaisuwa kawai, kowa ya kama hanyarsa. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai da aka shiga watan takwas muka sami kwana uku na rana. Muka kira nafir, wato gayya, gidaje takwas ɗin nan, maza da mata, muka koma yadda kakanninmu suka yi noma da suka fara sauka ƙasar nan: maza a gaba da saluka, sandan shuka, suna huda rami, mata a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Kafin a shuka sai an tuge adar da hannu. Laka takan manne a ƙafa har ka ji kamar an ɗaura maka dutse, kowane taku goma sai ka tsaya ka kankare. Sauro da rana tsaka. Hannuna ya yi kanta ya fashe. Gona ɗaya takan ci mana kwana biyu, wadda babur zai gama kafin a sha shayi. Muka fara da gonakin tudu domin su ne suka fara tsanewa. Ta Yaya Maryama ruwa ya kwanta a cikinta, ita muka yi ta ƙarshe, watan takwas ya kusa ƙarewa.

A lokacin ne muka buɗe matmura, ramin da muke binne hatsin bara. Damshi ya shige ta gindi, kashi ɗaya cikin uku ya yi baƙi yana wari. Hawwa ta shanya abin da zai shanyu, ta canza ƙwaryar awo ta ɗauko ƙarama ba tare da ta gaya wa kowa ba. Kisra ta riƙa fitowa da ɗaci, miyar kuɓewa ta zama ruwa. Muka koma cin abinci sau ɗaya da rabi, rabin shi ne kunun safe. Zazzaɓi ya kwantar da mutum uku a cikin masu nafir. Idan na ga an kawo akushi bakin gona, kowa yana cin loma kaɗan yana janye hannu don na kusa da shi, sai in tashi in koma bakin aiki. Ina ƙirga kwanaki a kaina: dawa tana son wata uku da ɗoriya, ruwanmu kuwa yakan ɗauke a ƙarshen watan tara. Ko ta yaya na lissafa ba ya kaiwa.

Duk da haka kowace safiya ina zagayawa bayan gida in danna kore. Na rasa yadda zan daina. Wata safiya na juyo na ga Hawwa tsaye da wanki a hannu tana kallona. Ta ce, “Malam, kwalbar nan tun watan shida ba ta riƙe ruwa. A nan nake shanya, ina gani. Me kake rubuta wa baiwar Allah nan?” Na ce mata abin da ba ta sani ba ta bar shi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce jiya 'yar Yaya Maryama ta zo roƙon garin kunu, kuma ba ta taɓa zuwa ba. Ta shanya kayanta ta koma ciki.

Na hau tudun hafir, tafkin da muke tara ruwa, inda waya take samun layi, na kira Daktora. Na gaya mata komai, kwalbar, da lambobin, da gidaje takwas. Ta tambaye ni ko akwai wanda bai shuka ba har yanzu, na ce an gama shekaranjiya. Ta ce tana zuwa.

Bayan kwana uku ta iso. Motarsu ta tsaya inda kwalta ta ƙare, ta hau bayan wani babur, sauran hanyar ta tako da ƙafa, takalmanta a hannu, laka har ƙwauri. Ta zauna a rumfa ta buɗe kwamfutarta, ta karɓi wayata, ta yi ta dubawa. Ba a daɗe ba ta dafe goshi. Ranar da aka shigar da ƙauyenmu a cikin manhajar, an yi kuskuren lamba ɗaya, sai ta ɗauke mu ta ajiye can arewa cikin Butana, inda ruwa ba ya kai rabin namu. Wata biyu ke nan tana ba ni labarin saman wasu mutane. Ruwan Alhamis ɗin nan da ta dace da shi, babban hadari ne da ya game ƙasar gaba ɗaya.

Ta ce kuskuren farko nasu ne, ba za ta ɗora wa kowa ba. Amma ta dube ni ta ce, “Ammi, da ja ɗaya ya zo mini daga wurinka a makon farko, da na gano wannan kafin in tashi daga kujera. Don shi na kawo maka ita.” Na sunkuyar da kai. Ta ce ba ni kaɗai ba ne, mutum huɗu cikin ashirin ba su taɓa danna ja ba, kuma ita ta ɗauka nasara ce. Ta ce ba ta yi tunanin nauyin da ke cikin a ce wa dattijo ya ƙaryata baƙonsa kowace safiya ba. Daga shekarar ne suka cire maɓallan biyu, suka koma kiran masu gwaji suna tambayarsu me suka gani a gona, suka kuma ɓoye shawarar shuka har sai an gama gwaji.

Kafin ta tafi ta ce in raka ta gidajen nan bakwai. Ta shiga ɗaya bayan ɗaya, ta zauna a tabarma, ta ce musu manhajarsu ce ta yi kuskure, ta nemi gafara. Ba ta ambaci kwalbar ba ko sau ɗaya. Ina tsaye a bayanta ina jiran ta faɗa, ba ta faɗa ba. Mutane suka saki fuska da ni, wasu har suna ba ni haƙuri, wai ni ma an cuce ni. Na karɓi haƙurin.

Watan tara shi ne wanda ba na mantawa. Ruwa ya fara ja da baya. Kowace la'asar nakan fita bayan gari in dubi gabas, ɓangaren Habasha inda hadarinmu yake tasowa, in ga ya haɗu ya yi baƙi, sai iska ta kwashe shi ta yi kudu. Ƙasa ta fara tsagewa siriri kamar gashi, ina bin tsagar da ido kullum tana faɗaɗa. Dawar Adamu ta fid da kai ta yi ja, tamu tana ɗaukar ciki. Da rana ganyenta yakan nannaɗe ya yi toka-toka, da safe ya ɗan buɗe, kowace safiya buɗewar tana raguwa. Na rame har wandona yana zamewa. Ko a cikin sallah lissafin kwanaki nake yi, sai in rasa raka'a ta nawa nake.

Da masu shukar fari suka yanke tasu, zarzur, tsuntsun nan mai cin dawa, ya juyo kanmu, domin gonakinmu kaɗai suka rage masu ɗanyar ƙwaya. Yakan zo kamar hayaƙi, ya sauka a zangarniya ta lanƙwashe. Muka ɗaura igiyoyi da gwangwanaye, muka kafa rumfuna a tsakiyar gona, daga fitowar rana har faɗuwarta muna ihu muna jifa da dunƙulen laka. Muryar Hawwa ta dishe, mako biyu da raɗa take magana.

A farkon watan goma, lokacin da kowa ya fid da rai, aka yi ruwa guda da azahar. Bai yi yawa ba, bai ko cika kwari ba. Na tsaya a cikinsa ban nemi mafaka ba. Shi ya cika ƙwayar gonakin da muka fara shukawa. Ni na sami kamar rabin abin da na saba, wasu sun ɗara haka, wasu ba su kai ba. Gonar Yaya Maryama ruwan ya same ta tana fure, bai ishe ta ba. Zangarniyar ta fito fara, ka murza a tafin hannu ka hura, babu abin da zai rage. Buhu biyu ta tara a muhammas guda.

Bayan sussuka na ɗora buhu biyar a amalanke na kai ƙofarta. Hawwa ce ta zaɓi buhunan da kanta. Yaya Maryama ta fito tana gyara mayafi, ta dubi kayan, ta ce in mayar, ni ma ina da iyali, kuma ai Daktora ta faɗa da bakinta cewa laifin na'ura ne. Na ce mata ta zauna akwai magana. Muka zauna a bakin matmurarta da aka buɗe, ramin ya yi zurfi, buhu biyun nan ko gindinsa ba su rufe ba. Na gaya mata yadda kwalbar ta fashe tun ruwan farko, da yadda na riƙa mayar wa manhajar lambarta, da cewa ranar da na hana ta layin babur na riga na san abin yana kaucewa.

Ta daɗe tana kallon ramin. Tsohuwarta tana tari a cikin ɗaki. Can ta ce, “Ishaƙ, kullum da safe ina leƙowa ta danga ina tambayarka. Kana duban idona kana ba ni amsa.” Na ce haka ne, Yaya. Ta ce da yayana yana da rai da ya san abin da zai ce mini, ita ba ta sani ba.

Ta tashi ta kwance bakin buhu na farko, ta ce in sauka in gyara shimfiɗar ƙaiƙayi kada damshi ya shiga kamar yadda ya shiga tawa. Na sauka cikin ramin. Tana zubowa daga sama ina bajewa da hannu, ƙura tana shiga mini ido da hanci, har buhu na biyar ya ƙare. Da na fito ta kira babbar 'yarta ta ce ta kawo wa baffanta ruwa ya wanke fuska, ita kuma ta shige ɗaki wurin tsohuwarta ta saki labule.